Bindigar Gam ta Gidan Rautiainen Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu cike da tabon ƙuna, Tapio Rautiainen na garin Kajaani yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar bindigarsa ta gam, mai narkar da gam da wutar lantarki, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da hantsi, tana tsakiyar ɗaukar zafi.

Marigayiya ba ta san jira ba, shi ya sa jininsu ya haɗu da mai ita. Farin gam na kafintoci sai ka shafa, ka ɗaure katakon tamau, ka bar shi ya kwana. Ita kuwa ka danna kunamarta, ta ce "tsss", aiki ya ƙare kofi bai huce ba. Ba ta taɓa tambayar nauyin da itacen zai ɗauka ba, ba ta kuma taɓa cewa wani aiki ya fi ƙarfinta ba, ko da kuwa ya fi ɗin.

Ta rasu ta bar akwatin wasiƙa da ke tsaye da taimakon igiya, da gidan tsuntsaye mara rufi, da kujerun cin abinci huɗu, uku daga ciki suna kwance rai a hannun Allah. Bencin sauna, wato ɗakin wankan tururi mai zafi, ya riga ta tafiya. A kansa ne Tapio ya manta cewa gam ɗin da zafi ya narkar ya liƙa, zafi zai sake narkar da shi. Jorma, ƙanin matarsa, wanda ke zaune tsirara a matakin sama ranar da abin ya faru, ya ce ya yafe, amma har yau a tsaye yake shan kofi a gidan.

Ciwon ajali ya faro ne daga kujerar lilo. Mahaifin Sirkka, matar Tapio, shi ya sassaƙa ta da hannunsa, kuma ita kaɗai ce abin da ya rage wa Sirkka nasa. Da ƙafarta ta fara rawa, Tapio ya naɗe hannun riga.

Sirkka ta ce, "Tapio, ka bar min kujerar Baba."

Ya ce, "Haba, ke kuwa! Yanzun nan fa zan gama."

Ya jona marigayiya a bango, ya tafi neman tabarau. Da ya dawo ya tarar da ita ta yi sanyi, wayarta ta rabu biyu. Sirkka, wadda ke saƙa a gefe da almakashi a cinya, ta ce ɓeraye ne. Tapio bai taɓa ganin ɓeran da ke zare waya daga bango kafin ya ci ba, balle mai yanka a miƙe haka, amma baƙin ciki ya hana shi bincike.

Za a kai gawa wurin tara matattun kayan lantarki ranar Litinin, a bayan keken Tapio. Za a karɓi gaisuwa a gida bayan nan, kowa ya zo da abin zamansa. Kujerar tsohon tana falo, an shafa mata farin gam an ɗaure ta, tana samun sauƙi, a gaishe ta daga nesa.

Ba a buƙatar furanni. Duk mai niyyar kawo wa Tapio sabuwar bindiga don ya rage masa raɗaɗi, Sirkka ta ce a gaya masa ɓerayen suna nan, ba su tashi ba.