Yatsun Sajan a Bayan Kek

Wa ya riƙe farin zanen nan a bayan kek mai shuɗin fure? Na tambayi Rahila mai gidan burodi, na tambayi Fasto, na tambayi Allah a cikin addu'a, har yau ban sami amsar da zan kwanta da ita ba. Amma ranar da na tafi neman amsar da ƙafata, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko ni na manta, mutanen unguwarmu a nan Zuru ba za su bari ba.

Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne, surukata Talatu tana rubutawa. (Ta ce za ta gyara wuraren da suka yi muni, na ce ta bar su. Kunyar da aka riga aka ji a bainar jama'a, takarda ba za ta ƙara mata komai ba.)

Maigidana tsohon soja ne, kowa Sajan yake ce masa, har ni. Shekara bakwai ya yi golmo, yana noma gonar babana a Dabai kafin a ba shi ni, shekara arba'in da tara kuma muka yi tare. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinmu. Daga Laberiya ya dawo da yatsu huɗu a hannun hagu, babu na kusa da ƙaramin.

Da likita ya ce yana da ciwon sukari, sai ni na zama sojan gidan. Na hana, na tsare, na bincike aljihu. Har a zumuntar matan cocinmu nakan miƙe in ce, "Shekara shida ko ƙwayar sukari ba ta shiga bakin Sajan ba." Mata sai su sunkuyar da kai suna murmushi. Ni a zatona sha'awa nake ba su.

A wani biki da aka yi a cocinmu farkon shekarar nan, wata ta miƙa masa yankan kek a takarda. Ya kai shi baki ke nan na iso na fizge, a gaban abokansa tsofaffin sojoji. Ya dai tsaya yana kallon hannunsa. Bayan kwana tara ya rasu, da safe, yana zaune a kujerarsa.

Tun daga ranar abu ɗaya ke ci na: da haushina ya tafi? Kakata takan ce wanda ya mutu da kwaɗayin wani abu a ransa ba ya kwanciya, yawo yake yi har sai an ba shi. Ni Kirista ce tun ina budurwa, amma ruwan baftisma bai wanke maganar kaka ba.

Wata biyar bayan binne shi, damina ta yi nisa, dawa ta kai ƙugu, Talatu tana zaune kusa da ni tana duba wayarta. Sai ta ce, "Mama, dubi wanda Rahila ta ɗora yau." Rahila ita ce mai gidan burodin da ke bayan layinmu, tana yin kek da cincin da fanke, tana ɗaukar su hoto tana sa wa a waya don masu saye su gani.

Kek ne fari mai hawa uku, an yi masa shuɗin fure. A bayansa akwai farin zane. A can saman zanen kuma, inda hoton ya kusa ƙarewa, ga yatsun wanda ya riƙe shi.

Na ce, "Ƙara mini girman nan wurin."

Ta buɗa da yatsunta biyu. Hannun hagu ne. Akwai giɓi kusa da ƙaramin yatsa. Shekara talatin tun dawowarsa daga Laberiya ina zuba wa hannun nan ruwa yana wankewa, ba wanda zai gaya mini na wane ne.

"Yau kika ce?"

"Yau da safe, Mama."

Na ji sanyi ya biyo bayana, ga rana tsaka, ga kaji suna kiwo a tsakar gida. Washegari na sa ta sake nuna mini. Faranti ne na cincin, ga zanen, ga yatsun. Rana ta uku fanke ne, an jera shi kamar dala, yatsun suna nan. (Talatu ta ɗauka kwaɗayi ne ya kama ni da tsufa, har ta sayo mini cincin ɗin. Na kasa taɓa shi.) A kwanakin nan ko share ɗaki nake yi sai in riƙa kewaye kujerarsa. In na ɗebi ruwa a randa sai in ji kamar akwai dogon mutum tsaye a bayana yana jira in gama.

Ran Jumma'a Talatu ta tafi makarantar da take koyarwa. Na ɗaura zanen zumunta, na ɗauki Littafi Mai Tsarki da ban iya karantawa ba, na nufi gidan burodi wajen ƙarfe goma. Hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, gari ya yi duhu, iska ta tsaya cik. An ɗauke wuta, shagon ba haske sai wanda ke shigowa ta ƙofa.

Mutane na ciki: matan bariki uku, wato matan sojoji, suna sayen burodi, da wata mata mai jiki da ƙawayenta biyu, wadda daga baya na san uwar amarya ce, kek ɗin bikin 'yarta na gobe ta zo gani. Rahila ta jawo tebur kusa da ƙofa, ta ɗora kek ɗin a kai, ta durƙusa da wayarta tana cewa kowa ya yi shiru kada ya gitta.

A bayan tebur ɗin kuwa ga farin zane a tsaye, tsayin dogon mutum, sak likkafani. Yana ɗan shiga yana fita kamar mai numfashi. A samansa ga yatsu. Na ƙirga na hagu. Idona da yana, na sani, amma huɗu na gani.

Ƙafafuna suka kai ni da kansu. Na zube a gaban tebur bisa gwiwoyina.

"Sajan," na ce, "na gan ka. Kada ka ɓoye."

Zanen ya daina motsi.

"Na san abin da ya dawo da kai. Ni ce. Ka yafe mini, don Allah. Kek ɗin nan da na ƙwace maka a biki, ban zubar ba kamar yadda na gaya maka. Bayan coci na zagaya na cinye shi."

Rahila ta ce, "Mama..."

"Ke yi mini shiru, da mijina nake magana! Sajan, sukarin da na rantse maka babu shi a gida, yana cikin gwangwanin daddawa. Kullum in ka fita sai na zuba cokali biyu a kokona. Munsharinka da nake zagi, wallahi yanzu rashinsa ne ke hana ni barci. Gefen gadonka ko matashin ban wanke ba, nakan sa hancina..."

(A nan na faɗi wasu abubuwa biyu na tsakanin mata da miji. Talatu ta ajiye biro ta ce ba za ta rubuta ba, uban mijinta ne. Na yarda. Ai duk Zuru an riga an ji.)

Matan bariki sun ja da baya har jikin bango, ɗaya tana kiran sunan Yesu. Ni kuwa hawaye sun rufe mini ido. Na miƙa hannu na dama, na cusa shi cikin kek ɗin amarya har wuyan hannu, na ɗebo dunƙule guda, na ɗaga wa zanen.

"Ungo. Ci. Ci ka ƙoshi, ka koma ka kwanta."

Uwar amarya ta kurma ihu, "Wayyo, kek ɗin Saratu!"

Sai zanen ya fara sauka a hankali. Gashin kai ya fito, sai tabarau, sai farin abin wuya. Faston cocinmu ne. Shi ne ya yi addu'a a bakin kabarin Sajan. Yatsunsa goma cif, ya dai naɗe ɗaya ne a cikin zanen.

Muka kalli juna. Can ya ce, "Mama, ina kwana?"

Na ce, "Lafiya lau, Fasto. Ina gajiya?"

Ina durƙushe, hannuna a miƙe, farin sukari yana gangarowa zuwa gwiwar hannu. Da ya rasa abin yi, sai ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce ya gode. Ɗaya daga cikin matan bariki ta fara dariya, ta toshe baki da burodi. Na roƙi ƙasa ta tsage, amma simintin Rahila mai kyau ne.

Rahila ta kama ni ta kai ni ɗakin baya, kusa da tanda, ta zaunar da ni bisa buhun fulawa, ta aika aka kira Talatu. Tana goge mini hannu tana kuka tana dariya.

"Mama, tsofaffin hotuna ne. In ba a yi odar sabon abu ba sai in sake ɗora na da, don kada a manta da ni."

"Ba yau aka ɗauka ba?"

"Wani na bara ne, wani na bara waccan."

Ni duk tsammanina hoton waya kamar burodi yake, abin da aka fitar yau na yau ne.

"To me ya kawo hannun mijina cikin hotonki tun bara?"

Ta sunkuyar da kai, irin sunkuyawar matan zumunta. Ashe yawon miƙe ƙafa da likita ya sa shi kowace safiya, nan yake ƙarewa. Bangon shagon ya yi baƙi da hayaƙi, kek ba ya kyau a hoto sai da farin zane a baya, kuma duk unguwar ba wanda ya kai shi tsawo. Shekara uku yana riƙe mata zane. Ladansa gefen kek da ake yankewa don a daidaita shi.

"Ba ya cin da yawa, Mama. Faɗin yatsa biyu. In na ƙara sai ya ce a'a, Kwamanda tana aiki tuƙuru a gida, kada ya ɓata mata duka. Sai ya kurkure baki, ya tauna goro, ya tafi."

"Wa ya sani?"

"Mama, ki ce wa bai sani ba."

Da Talatu ta iso, Rahila ta riƙa buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, Talatu tana karanta mini ranar da ke jikin kowanne. Na cincin, bara. Na fanke, bara waccan. Ƙirjina ya fara sauka. Sai na ce su nuna mini na farkon, mai shuɗin fure.

Talatu ta karanta a ranta, ba ta faɗa ba. Ta miƙa wa Rahila. Rahila ta daɗe tana kallo.

"Na makon Ista ne," in ji ta. "Na bana."

A watan biyu, tun kafin Ista, muka binne Sajan.

Ruwan sama ya fara bugun kwano. Rahila ta ce waya takan rikita kwanan wata. Talatu ta ce haka ne, takan rikita. Na ce to ita ba ta tuna wanda ya riƙe mata zane ranar ba? Ta ce tana jin a ƙusa ta rataye shi, don lokacin ba ta sami wanda zai maye gurbinsa ba tukuna. Na ce, "Ƙusa tana da yatsu?" Sai ta miƙe ta ce bari ta duba burodi kada ya ƙone. Ba ta sake ɗora hoton nan ba.

Kek ɗin amarya dai Rahila ta cike ramin, ta rufe da furanni, aka juya wurin ya fuskanci bango. Uwar amarya har yau da hanci take amsa gaisuwata. Fasto in ya hau mumbari ba ya duban layin da nake zama, kuma matarsa ta gano inda yake zuwa ziyarar marasa lafiya ran Jumma'a da safe. A zumunta kuwa, in ana raba shayin taro, sai wata ta ce, "Ku miƙa wa Mama daddawa." Nakan karɓa in zuba cokali biyu. Me ya rage in ɓoye?

Abin da na koya a shekara saba'in da ɗaya bai da yawa: kafin ki tona asirinki ga farin zane, ki sunkuya ki duba takalmin da ke ƙasa. Da na duba, ai na san takalmin Fasto.

Ko da haushina ya tafi, wannan ba wanda zai gaya mini sai ranar da na je na same shi. Abin da nake da shi kawai safiyar da ya rasu ce. Na kawo masa shayi a kofin tasa, tsurarsa, ba madara ba komai. Ya shanye tas, ya yamutsa fuska, ya miƙo mini kofin da hannun hagu. Na shiga madafa, kafin in fito ya tafi. Da ya miƙo kofin, da sunan da yake kirana tun ina kai masa ruwa a gonar babana ya kira ni.

"Yarinya, shayin nan naki ko akuya ba za ta sha ba. Ƙaro mini."