Yadda Kyaftin Tasi'u Ya Tashi Jirgi

Wani mutum ne a garinmu, Tasi'u, wanda ya raɗa wa kansa suna Kyaftin. Lokacin da na bar gida cajin waya yake yi a wata rumfa a bakin tasha. Na tafi Fatakwal na yi shekaruna na dawo, na same shi a rumfar nan dai, da tsofaffin cajojinsa, bakin ne kawai ya ƙara faɗi. Ka ce masa ka ga jirgin ruwa, ya ce shi ya taɓa kwance injinsa. Ka ce kanka na ciwo, ya faɗa maka sunan jijiyar da Turanci. Ni kuwa tunda na dawo ɗaki ba ya riƙe ni, in na gaji da zagayen gari sai in zube a bencinsa, don a nan ake samun ƙarya da ɗuminta.

Ana nan sai ƙungiyar manoman shinkafa ta samu kyautar duron, ɗan jirgin nan maras matuƙi mai fanka huɗu da kyamara, don a riƙa leƙa fadama daga sama ana ganin inda tsuntsaye suka sauka. Shugaban ƙungiya, Alhaji Mamuda, ya ce duk wanda ya iya tuƙa shi nasa ne aikin, har da babur na zagayen gonaki. Bai rufe baki ba Tasi'u ya miƙe. Wai irin waɗannan a Abuja yana tauna gyaɗa yake tuƙa su, da hannun hagu. Aka danƙa masa jirgin a kwalinsa, aka ce ranar kasuwa bayan la'asar ya gwada a gaban jama'a.

Jirgi fa ya ce bai san zance ba. Ya danna nan, ya murɗa can, sai wata jar fitila ke ƙifta masa ido tana ƙit-ƙit. Babur kuwa ya riga ya shiga ransa, har ya gaya wa budurwarsa kalarsa.

Sai ya gano wata manhaja ta koyon tuƙi, wadda jirgin ƙarya ke yawo a filin ƙarya cikin kwamfuta. Ya jawo wata tsohuwar laftof mai gurnani kamar injin markaɗe, ya hau saukewa. Ta kusa gamawa sabis ya ɗauke. Ya ɗaga laftof sama yana zagaye rumfa kamar mai tallan awara. Da ta sauka, kwamfuta ta ce babu wuri, ya goge finafinan Indiyansa yana tsaki. Duk tambayar da allo ya jefo masa da Turanci, shi dai danna amincewa yake, bai karanta ko ɗaya ba. Laftof ta ɗau zafi, ya ɗora ta a kan ledojin ruwan sanyi yana mata fifita da murfin kwali. Na tambaye shi me ake ciki, ya ce in yi shiru, sigina yake haɗawa da tauraron ɗan'adam. Can dai manhajar ta buɗe, ga ɗan jirgi a allo yana tashi in ya taɓa maɓalli. Ya yi wani murmushi irin na wanda ya tsinci babur.

Da safiyar ranar kasuwa, wannan daga baya muka ji, ya lallaɓa ya hau soron gwaggonsa, Gwaggo Ladi, da ke bayan rumfar, ya ɓoye jirgin gaske a can ya sauko.

La'asar sakaliya manoma suka cika bakin tasha. Kyaftin ya sha baƙin tabarau, ya maƙala abin sauraro a kunne wanda ba a jona shi da komai ba. Alhaji ya nemi ganin jirgi, Kyaftin ya ce ai tun azahar yana sama, ya wuce inda idon talaka ke kaiwa. Kowa ya ɗaga kai. Wani ya rantse ya hango shi, ashe shirwa ce.

Aka rufu a kan allon laftof. Ciyawa shar kamar an shimfiɗa kafet, ga wasu duwatsu masu farin kai. Kyaftin ya ce fadamarmu ce, daga sama komai canzawa yake, fararen nan kuwa taki ne aka tara. Sai ga wani jan gida mai bututun hayaƙi.

"Tsaya," in ji Alhaji. "Wa ya yi gini a gonata?"

Kyaftin ya gyara zaman tabarau. Ya ce a'a, ta ɓangaren Malam Barau ne, maƙwabcin Alhaji a gona. Malam Barau ya ce shi da ko rumbu bai gama yaɓewa ba, amma in nasa ne a matso da jirgin ya ga ƙofar. Dattawan biyu suka fara ja-in-ja a kan iyaka, Kyaftin yana ta karkata jiki hagu da dama yana fiuu da baki.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo Ladi ta ratso taro, da faifai a hannu. A kan faifan ga duron zaune ɗas, busasshiyar kuɓewa ta maƙale a fankokinsa.

"Tasi'u, ungo tarkacenka. Na hau kwashe shanya na tarar da wannan gizo-gizon tun safe a kan kuɓewata. Inda ya yi inuwa ko bushewa bai yi ba."

Laftof kaɗai ke gurnani, jirgin allo yana can yana shawagi a kan jan gida. Alhaji ya dubi faifai, ya dubi allo, ya karɓi jirgin ya kakkaɓe kuɓewar a hankali ya saƙale shi a hammata.

"Kyaftin, sauko da naka a tsanake, kada ka fasa wa Malam Barau rufi. Namu dai gwaggonka ta sauke mana."