Nomau da Gashin Idon Amarya

A ƙauyen Dogon Marke an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. In ana lissafa masu ƙarfin noma a garin, kafin a kira mutum uku an kira shi. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, kuma ya yi shi da gadara kamar wanda ya haɗiye ilimin duniya. Su huɗu ne a gidan: shi, da tsohuwarsa Iya Dije, da matarsa Tasalla, da jaririyar da Tasalla ta haifa ko suna ba a daɗe da yi ba.

Tasalla ce ke yi wa amaren garin lalle da kwalliya, shekara bakwai ba ta da na biyu. Sai 'yan mata suka fara gani a waya ana liƙa gashin ido na kanti, amare biyu a jere suka tsallake ta suka ɗauko mai kwalliya daga birni. Saura Baraka 'yar Sarkin Pawa, wadda bikinta ya rage wata guda. Uwarta, Gwaggo Ladidi, ta aiko cewa in Tasalla ta iya sa gashin ido aikin nata ne, in ba ta iya ba kada ta ji haushi. Tasalla ta san in wannan ma ta suɓuce mata, sana'arta ta mutu ke nan. Ga shi tana jego, ba fita sai ta yi arba'in, kuma duk gidan ba wanda za ta aika birni sai Nomau. Abin tausayi, baiwar Allah.

Wata rana ta kira shi ta ce, "Maigida, ka je birni ka zaɓo mini gashin ido. Wanda ya fi kama da na halitta nake so, wanda ba mai gane na sawa ne."

"Shi ke nan? An gama," in ji Nomau.

Ya isa kantin wata Hajiya Turai mai kayan kwalliya, ta baza masa kwalaye sun fi ashirin. Ya ɗauki wannan ya leƙa madubi, ya ɗauki wancan ya leƙa, ya ga ba ko ɗaya da ya kai nasa kama da na halitta. Sai ya yi wa Hajiya godiya, ya miƙe sai rumfar wanzami, ya ce a yanke masa nasa tas, sama da ƙasa, a ƙulle a takarda. Wanzami ya tambaye shi har sau uku ko lafiya. Da la'asar ya shigo gida idanu ƙwala-ƙwala kamar na ƙadangare, hawaye na zuba saboda ƙurar mota, ya miƙa wa Tasalla ƙullin yana murmushi. Ta buɗe, jaririya ta yi atishawa, gashin ya bi iska.

Wata rana kuma Tasalla ta zaunar da shi ta yi masa dalla-dalla. Ta ce, "Na kanti nake nufi, na cikin kwali. Mai koyo ba ta farawa da zaƙo-zaƙon nan, gajere za ka ɗauko, mai laushin gindi da zai lanƙwasa ya bi fatar ido. Kuma kada ka yarda ka karɓa sai ka ga yadda yake zama a ido."

Nomau ya koma wurin Hajiya Turai ya ce sai ya gani a ido. Ta ce ba ta da wadda za ta sa wa. Ya ja kujera ya zauna ya ce ai shi ma ido gare shi, kuma fili ma ya fi yawa a nasa. Hajiya ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta liƙa masa gajere a dama, dogo a hagu, don ya bambance. Ya duba madubi ya ce a bar su, sai mai aikin ta gani da kanta. Haka ya hau mota, haka ya sauka, haka ya biyo ta majalisar dattawa a gindin marke ya yi sallama yana ƙifta ido ɗaya bayan ɗaya. Malam Barau ladan ya amsa sallamar rabi ya tsaya.

"Nomau, me ya same ka a fuska?"

"Na dama na masu koyo ne, Malam. Na hagu sai an ƙware."

Kafin magariba har yaran bayan gari sun haddace wannan amsa. Tasalla ta ɓamɓare su tana salati, amma ta yarda na daman ya yi.

Wata rana sai maganar gam ta taso. Tasalla ta ce, "Ka samo mai riƙo, wanda ko amarya ta yi gumi ko ta yi kuka ba zai saki ba." Nomau ya yi tunani ya ga kantin kwalliya ba su san riƙo ba; wanda ya san riƙo shi ne mai gyaran takalma na bakin tasha, wanda aikinsa ke shiga taɓo ya fito lafiya. Ya karɓi kwalba guda, kuma da yake mutum ne mai son tabbatarwa, ya ɗiga a yatsa ya dafa hularsa don ya ji ko ya kama. Ya kama. Ya dawo gida hannu a ka kamar mai kai ƙara wurin dagaci, duk wanda ya haɗu da shi sai ya tambaye shi wa ya rasu. Iya Dije ce ta raba shi da hular da ruwan zafi da man gyaɗa, tana yi tana cewa, "Wannan yaro, da a idon 'yar mutane aka zuba wannan, ina za mu sa kanmu?" Shi kuwa cewa yake ai riƙo aka ce, kuma a nuna masa inda ya saki.

Daga nan Tasalla ta sa aka rubuta komai a takarda, ta ce ya miƙa wa Hajiya Turai kada ya buɗe baki. Sai ga kaya sun zo cif: gajeren gashi kwali biyar, farin gam na ido wanda in ya bushe ba a ganinsa, matsefata ta kama gashin, da ɗan almakashi na rage tsawo.

Wata rana ta ce, "Yanzu saura koyo. Nemo mini wanda zai tsaya cak, ba motsi, ba ƙifta ido, in gwada hannuna." Nomau ya zaga gari yana leƙa idon mutane, ya ga kowa ƙiftawa yake, har limamin. Sai da ya iso mahauta ya ga kan rago a kan tebur, ido buɗe, ko ƙuda ya sauka ba ya ƙiftawa. Ya tsaya ya ƙura masa ido har nasa suka gaji. Ya ce wa Sarkin Pawa a ba shi.

"Farfesu za a yi wa mai jego?"

"A'a, Sarki. A kansa za ta koyi kwalliyar Baraka."

Kafin Nomau ya kai gida maganar ta riga shi shiga gidan Sarkin Pawa. Gwaggo Ladidi ta dafe ƙirji ta ce a fara neman lambar mai kwalliyar birni. Ranar Tasalla ta yi kuka sosai, kukan baƙin ciki, har Iya Dije ta ajiye kunyar surukuta ta shimfiɗa tabarma ta kwanta ta ce, "Zo ki koya a nawa, yarinya, ba abin da nake kallo da su." Kwana goma ana liƙa wa tsohuwa ana cirewa, har hannun Tasalla ya faɗa, gam kuma ya ƙare.

Wata rana, saura kwana uku ɗaurin aure, Nomau ya je ya karɓo sabon gam. Hajiya Turai ta ce, "Malam, wancan ya ƙare, wannan wani iri ne. Ka riƙe wannan magana da kyau: kowa, kafin gam ɗin nan ya kai idonsa, a ɗiga masa kaɗan a hannu, a bar shi ya kwana."

Nomau ya riƙe da kyau. Bai ma biya gida ba, ya wuce ƙofar gidan biki, ya karyo tsinken tsintsiya, ya tsaya a bakin zaure. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsoma tsinke ya ɗiga masa a hannu. Ya ɗiga wa masu kawo itace, ya ɗiga wa tsofaffi masu tankaɗe, ya ɗiga wa makaɗi, ya ɗiga wa Sarkin Pawa da kansa yana miƙo hannun gaisuwa. Can sai ga amarya ta fito a lulluɓe da ƙawayenta za su yi sallama da dangi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya samu Baraka a wuyan hannu.

Gida ya kaure. Wata ta ce asiri ne, wata ta ce an aiko shi ne a raba auren, masu wankewa na wankewa. Baraka dai ta goge nata da gefen mayafi ta wuce. Gwaggo Ladidi ta fito ɗankwali a hannu ta ce, "Ka je ka faɗa wa matarka ko lallen ma na fasa! Gobe ta birni za ta zo." Nomau ya je ya faɗa, kalma bayan kalma, har da yadda ta murguɗa baki. Tasalla ta ɗaure kayanta a leda ta tura ƙarƙashin gado.

Washegari da hantsi sai ga sallamar Gwaggo Ladidi, tana janye da Baraka. Ta yaye mayafin yarinyar. Wuyan hannun ya kumbura ya yi jawur, ƙuraje sun feso daidai inda tsinke ya taɓa, tana ta susa. Duk mutum arba'in da wani abu da aka ɗiga wa, ita kaɗai ce jikinta ya ƙi.

Gwaggo ta ce, "Ta birnin ta iso, na ga kwalbar gam ɗinta, irin ta Nomau ce sak. Har ta buɗe za ta fara, ko tambaya babu, sai na ga hannun nan. Tasalla, da a ido aka sa mata, da a rufe za a kai mini 'ya ɗakin miji. Ki yafe mini, ki zo ki yi aikinki."

Ranar da Tasalla ta yi arba'in, ranar ta shiga gidan biki da ledarta. Ta yi wa Baraka lalle, ta zizara mata kwalli a kan gashin idon da Allah ya ba ta, amarya ta fito ba mai cewa wani abu ya rage. Ƙawaye goma sha ɗaya kuwa, waɗanda hannunsu ya kwana lafiya, duk ta liƙa musu, ba wanda ya karkace.

Sarkin Pawa ya kira Nomau gaban jama'a ya ce, "Wa ya koya maka wannan dabara?"

Nomau ya ce, "Ba dabara, Sarki. Kowa aka ce, na yi wa kowa." Ya kama hannun Sarkin Pawa ya juya shi, ya duba da kyau, ya ga ba ƙurji ko ɗaya. Sai ya ce, "Kai ma naka ya yi lafiya. In kana so, shiga layi."