Miyar Kaito

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga tsakanin baiwar Allah da tukunyarta ba. Ko na so in manta ma, 'yan gidanmu ba su da niyyar bari. Har yau in aka ga na nufi kicin da baƙar leda a hannu, sai na ji wani ya yi gyaran murya a falo.

Ni mutuniyar Katsina ce. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, amma a fannin miya, farfesa nake ɗaukar kaina. Bayan rasuwar maigidana Malam, babban ɗana ya ɗauko ni zuwa nan Greensboro. (Ba na kiran sunansa, ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci, don haka Babana nake ce masa.) Matarsa baturiya ce 'yar ƙasar Finland, nas ce a wani asibiti, sunanta Sanna. Sunan ya yi mini sauƙi ƙwarai, don da na ce "Sannu, Sanna," na yi gaisuwa na kira suna a numfashi ɗaya. Yarinya ce mai shiru-shiru, tana koyon Hausa da gaske, kuma har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni. Abu ɗaya na riƙe mata a zuciya lokacin: girkinta lami ne. Ina ci, ina sa albarka, in na koma ɗaki in buɗe gwangwanin yajina.

Mahaifiyarta, Marja, ba ta zo bikinsu ba. Babana ya gaya mini ba ƙiyayya ba ce, tsoro take 'yarta ta yi nisa ta manta gida, kuma ta sha gaya mata haka a waya. Sai da Allah ya ba su 'ya mace, aka sa mata sunana, sannan tsohuwar ta ce za ta zo ganin jika.

Tun da sanyi ya fara ja baya Sanna ta duƙufa a ɗan lambun bayan gida. Ta shuka koren wake mai zagaye, da karas, da dankalin turawa, da farin kabeji, da alayyahu, da wani siririn ganye mai ƙamshi kamar gashin masara. In ta dawo aiki ko takalmi ba ta cirewa sai ta leƙa su. Ta ce a garinsu, bayan dogon sanyi, in kayan lambu na farko suka fito, akwai miyar da ake yi da su, kakarta ta koya wa uwarta, uwarta ta koya mata. Ita take so tsohuwar ta tarar a kan wuta, ta san 'yarta ba ta manta komai ba.

Na tambayi sunan miyar. Ta ce, "Kesakeito."

Na ce, "Kaito kuma? Wa ya mutu?"

Babana ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe bakina ne ya riga ni sanin abin da zai faru.

Ranar da baƙuwa za ta sauka, Sanna ta tsinke waken nan kaf, ta ɓare shi ɗaya bayan ɗaya, ta gama girkinta. Da za su tafi filin jirgi, ta saɓa takwarata a kafaɗa, ta tsaya a bakin kicin ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle, "Mama, don Allah ki duba mini miya. Wuta kaɗan-kaɗan. Kar ya tafasa."

Na ce, "Je ki abinki, 'yar nan. Tun kafin a haife ki ake barin miya a hannuna."

Ku lura da kyau, "duba" ta ce. Ni ce kunnena ya ji "gyara".

Motar na fita na ɗaga murfi. Jama'a, fari fat! Da farko na zaci tukunya ta jiƙa da ruwan sabulu ta manta. Na sa ludayi ina laluben nama, babu. Na ce ko ƙashi ne ya nutse, babu. Ko kan kifi babu. Sai karas da wake suna iyo cikin madara, da ɗan man shanu yana kewaya sama shi kaɗai kamar maraya. Na ɗanɗana, na ji har da ɗan zaƙi-zaƙi. Na ce wannan ai kunu ne ya ɓata hanya ya faɗa lambu.

Nan take hankalina ya tashi. Suruka za ta keto duniya ta shigo gidan ɗana karon farko, a tarbe ta da farin ruwa ba tsoka ba mai? Ta koma garinsu ta ce mijin 'yarta ba ya iya cefane? Na ɗauki waya na kira ƙawata Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi, wadda muke haɗuwa a shagon kayan miyarmu na titin Gate City. Na kunna bidiyo na haska mata tukunya.

Ta kanne ido ta ce, "Mi nika gani haka, Hajiya? Wanki kike?"

"Miya ce, wai. Ta tarbar suruka."

"Da madara? Innalillahi! Kuma kina tsaye kina kallo? Ke ba uwa ba ce? Yarinya ba ta sani ba, ki rufa mata asiri mana!"

Kun ji kalmar da ta kashe ni ke nan: rufin asiri. (Ba ina ɗora wa Hajiya Rabi laifi ba ne. Ko da ta ce in bari, wata zan kira.)

Da attarugu ɗaya na fara, wallahi ɗaya tak, don kawai miyar ta farka. Da na ɗanɗana sai na ji attarugun yana kaɗaici, na ƙara masa 'yan'uwa. Na murmushe dunƙule. Sai farin nan ya ci gaba da tsone mini ido, na zuba manja da tumatirin gwangwani. To, tumatir kuwa ai sai ya dahu, don haka na murɗa wuta har ƙarshe, wutar nan da aka ce mini kaɗan-kaɗan.

Ban san madara ba ta shiri da tsami da tafasa ba. Wato na sani, ni da na yi shekaru ina ganin nono yana tsinkewa, amma ranar ilimin ya tafi yawo. Ina tsaye miyar ta tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe, kamar awarar da ba a tace ba. Na sake kiran Hajiya Rabi.

Ta ce, "Sa kuka! Kuka na haɗa kan kowa."

Na kaɗa kuka. Kuma duk wanda ya san miya ya san kuka ba ta tafiya ba daddawa. Da na gama, abin da ke cikin tukunyar ya koma launin kududdufin bayan gari, waken Sanna ya narke, farin kabeji ya ɓace ko gawarsa ban gani ba. Amma da yake mai taurin kai ba ta rasa hujja, na ce ai yanzu ta yi kama da miya. Miya kuma ba ta zama ba tuwo, na tuƙa na shinkafa na mulmula.

Saura wari. Daddawa ta kama gidan har labule. Na sa leshina mai tsada, na kafa ɗauri, na kunna turaren wuta ina zagayawa da kasko. Sai na'urar nan ta silin mai gano hayaƙi ta fasa ihu. Na jawo kujera na hau, ina kaɗa mata gyale ina cewa, "Yi shiru, don Allah yi shiru!" A haka ƙofa ta buɗe. Farkon ganin da surukata ta yi mini a duniya ke nan: tsohuwa a kan kujera, ɗauri ya karkace, tana roƙon silin.

Marja doguwa ce mai farin gashi, ba ta da yawan magana. Ta miƙo hannu, na sauko muka gaisa. Sanna kuwa ko jaka ba ta ajiye ba, ta ja hannun uwarta zuwa kicin tana murmushi. (Daga baya na ji tun daga filin jirgi take ba ta labarin miyar.) Ta ɗaga murfi.

Nan take murmushin nan ya ɓace. Babana ya leƙa tukunya, ya juyo ya dube ni ya ce, "Hajiya..." Ni kuwa na mayar da hankali kan gyaran ɗaurina. Sanna ta mayar da murfi a hankali, ta ɗauko kwanuka ta fara zubawa.

Muka zauna. Marja ta dubi kwanonta, ta yi wata tambaya da Turanci, Sanna ta amsa a taƙaice. Sai tsohuwar ta ɗauki cokali. Cokali na farko, kunnuwanta suka yi ja. Na biyu, wuyanta. Kafin ta kai rabi hawaye na zuba, amma ba ta tsaya ba, tana ci tana share ido.

Ni kuwa sai zuciyata ta yi fari. Na taɓo Babana na ce, "Ka gani ko? Daɗi ya sa ta kuka. Matar nan ba ta taɓa cin miya ba sai yau." Na miƙe da kaina na ƙara mata ludayi guda, na tura mata mulmulen tuwo.

Ta cinye tas. Ta ajiye cokali, ta dafa hannun 'yarta ta faɗi wata magana a hankali. Sai na ga kan Sanna ya sunkuya, hawaye ya ɗiga a kan tebur, ita da ko loma ba ta kai baki ba balle a ce yaji ne.

Na ce, "Babana, me ake cewa?"

Ya ce, "Ba komai, Hajiya, ci abincinki."

"Ni za ka ɓoye wa? Me ta ce?"

Ya sauke murya ya ce, "Ta tambayi wa ya dafa, Sanna ta ce ita ce, ita kaɗai. Shi ne yanzu uwar ta ce mata ba komai, dama ta san in mutum ya daɗe a nesa yakan manta."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Yarinyar nan da nake ganin ba ta san al'adarmu ba, kara ta yi mini, irin karar da ko a Katsina sai 'yar gidan mutunci. Ta yarda uwarta ta tafi da zaton da ta fi tsoro a duniya, don kar uwar mijinta ta ji kunya gaban baƙuwa. Ni kuma da na zo rufa mata asiri, ga ni zaune da leshi ina ƙara ludayi.

Na tashi na shiga kicin, na kwaso ledata na zazzage a tsakiyar tebur: attarugu, kuka, kwalbar manja, ƙullin daddawa. Na ce, "Babana, fassara mata. Ka ce 'yarta ta yi miya fara tas, mai kyau, da waken da ta shuka da hannunta. Ni ce na lalata."

Ya fara Turanci yana tausasawa, na ji maganar ta yi gajarta. Na ce, "Kar ka rage mini komai. Har daddawar ka faɗa, har wutar da na murɗa."

Marja ta saurara har ƙarshe. Ta ɗauki daddawa ta kai hanci, ta yi baya kamar an mare ta. Ta dubi 'yarta, ta dube ni, sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ce, irin ta mutanen da ba su saba yi ba, sai da ta kifa kai a tebur. Da ta samu numfashi ta yi magana, Babana ya fassara yana danne tasa dariyar: "Ta ce da ta san ke ce, da a cokali na farko ta tsaya. Don 'yarta ta cinye."

Na juya wurin Sanna na ce, "'Yar nan, ki yafe mini." Ta share ido ta ce, "Ba komai, Mama." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma na ce kar ya tafasa."

Washegari uwa da 'ya suka sake miyar tare. Ni an ba ni wankin dankali, a kujera, can nesa da murhu. Sai dai waken lambu ya riga ya ƙare, na cikin firji aka sayo a kanti, kuma wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai, don dariya ba ta dawo da shi ba. Shi ya sa duk shekara ni ke durƙusawa in shuka mata shi, da ciwon gwiwata da komai.

Na sha miyar kuwa. Ashe karas yana da ɗanɗanonsa na kansa, sai da na tsufa na sani. Amma kar in yi muku ƙarya, da na ga hankalinsu ya tafi kan jaririya, na kwance bakin zanena na barbaɗa ɗan yaji a kwanona. Ina ɗagowa muka haɗa ido da Marja. Sai ta jawo kwanonta ta rufe shi da tafin hannu.

Tun daga ranar, sunan miyar a gidanmu miyar kaito, har Marja haka take kiranta in ta bugo waya. Ni kuma a tsufana na koyi Hausa daga bakin baturiya: in aka ce ki duba tukunya, da ido ake nufi. Hannuwa kuwa a bayan zane ake ajiye su, kuma ba a kiran Hajiya Rabi.