Kafson Nani Jobeda

"...Wa'alaikumussalam. Au, kai ne? Na ɗauka mai sayen tsofaffin kwalabe ne, har ina shirin in haɗa masa da kai."

Nani Jobeda ke nan, zaune a barandar gidanta da ke bayan garin Rajshahi na ƙasar Bangladesh, ta miƙe ƙafa a kan kujera tana fifita. Kwanakin baya ta taka wuƙar gyaran kifi, ta yanke ta a dunduniya, ga ciwon sukari, sai wurin ya kumbura ya fara ruwa. Tofayel, ɗan 'yarta da ta raina tun yana zanin goyo, shi ya kai ta asibiti da safe. Yanzu ya dawo da maganin da likita ta rubuta.

"Amarya, ko sannu babu? Na rufe shagon gyaran waya, na sha rana, na kawo miki sadakinki."

Ta zazzage ledar a cinya. Tana ganin kafso ja da rawaya ta ture shi.

"Wannan? Kai da likitar nan bakinku ɗaya. Gonar mangwarona kake so, ka fito fili ka faɗa."

"Wace gonar? Bishiya uku, ɗaya ma jemagu sun riga sun gaje ta."

"Na gaya wa likitar jikina ba ya karɓar wannan. Borin jini yake sa ni. Lokacin bikin kawunka Anisur na sha shi, yini na yi ina zarya tsakanin ɗaki da bayan gida."

"A gabana ta tambaye ki. Kin yi ƙuraje? A'a. Leɓe ya kumbura? A'a. Numfashi ya sarƙe? A'a, ke ce ma kika ja waƙar amarya a bikin. Da ta ce me kika ci, sai kika fara kallon rufin ɗaki."

"Ɗan abin taɓawa ne."

"Shinkafa da nama faranti uku, Nani, ga kan kifi, ga kindirmo mai zaƙi. Har yau masu girkin bikin nan in sun hango ki sai su sauya hanya."

"Ji mai magana! Kai da kake ci kamar an sako ka daga gidan yari, amma jiki kamar sandar kamun kifi."

"Likita ta ce gudawa da tashin zuciya, maganin kan jawo su, kuma sukan wuce. Borin jini daban ne, shi ne mai kisa. Naki kam borin ciki ne." Ya tsuguna ya duba ƙafar, fuskarsa ta ɗan sauya. "Jan ya haura fiye da na safe. Wannan maganin shi ne daidai da ciwon. In kin ƙi, ƙarshenta wuƙar likita ce. Ni kuma ba na auren mai ƙafa ɗaya."

"Wa ta ce tana sonka? Kunnuwa kamar marfin tukunya."

"To bari ki gani. Dangin fenisilin ne fa, jarirai ma sha suke yi. Ga ɗaya zan haɗiye a gabanki. In na mutu ki yi min takaba."

Ya ɓallo kafso ya nufi baki da shi. Sai ji ya yi mafici ya sauka a hannunsa, tas! Kafson ya yi tsalle ya faɗa tsakar gida.

"Haba Nani! Duka tun kafin a ɗaura?"

"Dangin me ka ce?"

Babu wasa a muryarta. Ya maimaita sunan.

"Zauna, sakarai. Kana ɗan yaye, uwarka tana Dhaka wurin ɗinki, kunnenka ya yi ruwa. Aka ba ka wani magani na kwalba mai zaƙi. Ban gama wanke cokalin ba jikinka ya yi ruɗu-ruɗu, idanunka suka shige, leɓenka ya yi kamar na raƙumi, kana shaƙar iska tana ƙin shiga. Ba takalmi na ruga da kai asibiti. Bayan an yi maka allura ka farfaɗo, likitan ya sa na yi ta maimaita sunan nan har ya zauna mini. Ya ce in aka sake ba ka danginsa, wataƙila ba za ka iso wurinsu ba."

Tofayel ya kalli kafson da ke ƙasa, ya kalli tafin hannunsa, ya goge shi a jikin zanen da ya ɗaura irin na mazan ƙasar.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Kana gabana ni nake tsare ka. Da ka girma kuwa, yaushe ka taɓa zama na kai ƙarshen magana? Kullum kai a waya. Kuma ni ta ina zan san nawa da naka 'yan gida ɗaya ne? Naka ruwa, nawa ja da rawaya."

Ya ɗago ya ce, "Wato duk ƙauyen nan sun san labarin gudawarki, amma nawa mai kisa kin ɓoye."

"Nawa ya fi daɗin bayarwa."

Dariya ta ƙwace masa, har da ɗan hawaye. Ita ma ta dara, jajayen haƙoranta na taunar ganyen pan, goron ƙasarsu, duk a waje.

"Shi ke nan, kin ci, amarya. Gobe zan koma wurin likitar ta duba ni, ta rubuta a katina. Saura ke."

"Zubo min shinkafa tukuna, ba na sha da yunwa. Kai kuma kar ka sake taɓa shi, ni zan ɓalle abina."

Ta ci, ta ɓalli wani kafson ta haɗiye tana yatsina fuska kamar an ba ta maɗaci. Ya jawo tabarma ya zauna gabanta, ya zuba wa leɓenta ido kamar yadda likita ta ce ya yi, ko zai ga kumburi. Aka jima, babu ƙurji ko ɗaya.

"Kallon ya isa haka, kar ka cinye ni." Ta kwance ɗan makulli daga bakin mayafinta ta jefa masa. "Buɗe kabad, akwai alewar madara da na ɓoye wa likitar can. Kwashe duka. In ya so gobe kai ma ka yini a bayan gida, mu ji wa za ka ɗora wa laifi."