Yadda Za Ki Amsa "A Huta Lafiya" Ba Tare da Kin Suma Ba

Ya ke 'yar'uwa da gabanki ke faɗuwa duk ranar Juma'a da ƙarfe huɗu, kwantar da hankalinki, kin zo wajen gwana. Matakai bakwai ne. In kika bi su, na ba ki tabbacin za ki tashi daga teburinki ki isa ƙofar fita da ranki, da mutuncinki, da aikinki. Ni ɗin nan na yi Juma'a goma sha uku a ɗakin ajiye fayil na wani ofis, kuma sau ɗaya kacal aka kulle ni a ciki.

Kada ki ɗauka wasa ne. Sabuwar ma'aikaciya wata uku take yi na gwaji, a ƙarshe a cike mata fom, a ce ta zauna ko ta kama gabanta. A fom ɗin akwai akwati na shida, mai suna "Mu'amala da abokan aiki". Ranar Litinin ta makon ƙarshe shugabar sashenmu, wadda a bayan idonta ake kira Anti Jan Biro, ta kira ni.

Ta ce, "Fayilolinki ba su da aibi. Amma an ce ba kya amsa gaisuwa. An ce girman kai gare ki."

Na ce, "Ina amsawa, Anti. A zuci."

"To, fom ɗin nan ba shi da akwatin zuci. Juma'a zan cike shi."

Kin ji abin da ke gabanki. Mu fara.

Mataki na ɗaya: San filin daga

Auna hanya. Daga ɗakin fayil zuwa ƙofar fita taku sittin da huɗu ne, na ƙirga sau da yawa. A kan hanyar akwai tarko uku.

Na farko wata da ake kira Rediyo, mai zama a teburin karɓar baƙi. Ba ta da maɓallin kashewa. Na biyu Direba, wanda ke jingine da mota yana wasa da makulli, yana jiran wanda zai tsokana. Na uku Baba Mai Makulli, da ke rufe ofis idan kowa ya watse.

Litinin zuwa Alhamis mutanen nan ba su da haɗari, gajiya ta ci ƙarfinsu. Juma'a da yamma ne farin ciki yake kama su kamar zazzaɓi, su fara neman wanda za su shafa wa. Masana sun ce kare mai haushi ba ya cizo. Masanan nan ba su taɓa haɗuwa da mutum mai fara'a ba.

Mataki na biyu: Kada ki ɓuya

Na san kin riga kin zaɓi wurin. Bayan kabad na ƙarshe, inda akwai ɗan haske da tulin tsofaffin fayiloli masu daɗin zama. Za ki ce bari ki karanta shafi goma na littafinki har kowa ya tafi.

Ba a taɓa karanta shafi goma ba tun da aka fara buga littafi. Za ki ɗago a shafi na saba'in ki ji ofis ya yi tsit, ki taɓa ƙofa ki ji ta gam.

Na yi minti arba'in ina buga ƙofa a hankali, don kada in dami kowa. Allah ya taimake ni Baba Mai Makulli ya manta hularsa ya dawo. Ya buɗe, ya dube ni, ya dubi littafin.

Na ce, "Sannu Baba, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Ikon Allah! Ashe yarinyar nan tana magana?"

Kafin Litinin har mai shara ya ji. Darasi: wadda ta gudu daga gaisuwar mutum uku, gaisuwar mutum talatin ke jiranta.

Mataki na uku: Kada ki faɗi gaskiya, kada kuma ki yi ƙarya

Gaisuwar Juma'a tana da wutsiya, kuma a wutsiyar dafin yake: "Ina za a zaga a hutun nan?"

In kika faɗi gaskiya kin shiga uku. Na ce wa Rediyo littafi zan karanta.

"Jarrabawa gare ki?"

"A'a."

"To me ya yi zafi?" Ta dafa goshina. "Ko a gida wani abu ne ya faru? Faɗa min, ni ba na kai magana gaba."

Don haka mako na gaba na yi ƙarya, na ce bikin ƙawata za ni. Kada ki kuskura. Litinin Rediyo ta tare ni, wai ina hotuna, me amarya ta saka, angon me yake yi. Na ce malamin makaranta ne, dogo, ba ya son magana. Daga nan duk Juma'a sai an tambaye ni lafiyarsu. Sun tare, sun sayi firji, uwar miji ta zo ta yi kwana tara. A mako na goma na gaji na raba auren don in huta. Rediyo har da ƙwalla. Ta ce tana da kawu gwanin sulhu, in ba ta lambar amarya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji magabata. Nawa ramin har da falo da ɗakin girki.

Mataki na huɗu: Ki yi wa kowa kati

Yanzu mun zo kimiyya. Ke ma'aikaciyar fayil ce, abin da kika iya shi ne jera abu a inda za a same shi. To jera mutane.

Samo katuna huɗu. A saman kowanne rubuta sunan mutum, a ƙasa abin da ya saba faɗa, a can ƙasa abin da za ki mayar. Sai dai a nan akwai wahala da ba wanda ya gargaɗe ni: kafin ki cike katin dole ki saurare su. Kwana uku na yi da ƙofar ɗakina a buɗe, kunnena a waje.

Ashe Direba ba don yanga yake jingina da mota ba, gwiwarsa ce ke ciwo. Ashe 'yar Rediyo ta fara haƙori, kwana uku ba su yi barcin kirki ba, kuma duk da haka bakin bai rage gudu ba. Ashe Baba Mai Makulli yana kiwon tantabaru, shaho ya ɗauke masa biyu, yana ta faɗa ba mai saurarensa.

Kati na huɗu na Anti Jan Biro ne. Ban yi niyyar amfani da shi ba, na yi shi ne don jerin ya cika. Ga abin da na rubuta:

"Ba ta gaida kowa ranar Juma'a, ba mai gaida ta, kowa tsoro yake ji. Tana fita huɗu da kwata da kwanon abinci, asibiti take zuwa wajen mahaifiyarta. Abin faɗa: A gaida Mama, Allah ya ƙara sauƙi. (Ba zan iya ba.)"

Mataki na biyar: Yi gwaji a gida, amma ba da yayarki ba

Ranar Alhamis da na dawo na tarar da Yaya tana guga a tsakar ɗaki, na roƙe ta ta zama Direba.

Ta kumbura murya. "'Yar fayil! A huta lafiya!"

Na duba kati. "Na gode ƙwarai da gaske, kai ma ina yi maka fatan hutu mai albarka, kuma yaya lafiyar gwiwarka ta hagu?"

Ta ajiye dutsen guga ta zauna a ƙasa tana dariya. "Wasiƙar neman aiki kike karanta masa? Mama! Zo ki ji 'yarki tana gaisuwa da sakin layi!"

Mama ta leƙo da ludayi a hannu. "Ku bar min yarinya. Haka ubanta yake. Shekara biyu yana wucewa ta ƙofar gidanmu kafin ya iya ce min sannu."

"Ina ma Baba zai ji wannan," in ji Yaya.

Daga ɗaya ɗakin Baba ya ce, "Ina ji. Shekara ɗaya da rabi ne."

Yaya ta ƙwace biro ta soke rabin kowane kati. "Kalma uku ta isa. Ki ɗago kanki. Kuma ki daina riƙe numfashi, kin yi kama da mai shirin nutso."

Ban gode mata ba. Ba a gode wa yaya, yana lalata ta.

Mataki na shida: Ki san inda kika ajiye katunan

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi ne ban bi ba.

Hannun ma'aikaciyar fayil yana da nasa hankalin. Duk takardar da ta daɗe a kan tebur, sai ya huda ta ya cusa a fayil mafi kusa, ba ya shawara da kai. Ƙarfe uku da rabi na Juma'ar ƙarshe na kai wa Anti Jan Biro fayil ɗin sa hannu, wanda fom ɗina ke ciki. Ƙarfe huɗu na laluba aljihun jaka, babu katuna. Na duba tebur. A gefen abin huda takarda akwai 'yan ƙananan da'irori masu launin katunana.

Na dubi kabad na ƙarshe, shi ma ya dube ni. Na tuna Mataki na biyu, na ɗauki jaka na fita.

"'Yar fayil, a huta lafiya!" in ji Rediyo. "Ya maganar amaryar nan?"

Sai na ji bakina ya ce, "Ya mai haƙori?"

Rediyo ta yi shiru. A rubuta wannan a tarihi. Daƙiƙa biyu cur. Sannan ta kamo hannuna ta fara, daga zazzaɓin Talata har zuwa cizon da aka yi mata da safe. Ni dai "Ayya" kawai nake cewa, kuma na gano "Ayya" ta fi duk littattafan da na karanta amfani.

Direba ya hango ni ta taga ya ɗaga murya. "Malamar shiru! Yau ma wuce mu za a yi?"

Na ce, "Ya gwiwa?" Muryar ta fito kamar ta ɗan tsako.

"Kai! Wa ya faɗa miki? Shekarata shida a nan ba wanda ya taɓa tambaya ta!"

Ina shirin tambayar Baba Mai Makulli labarin shaho, ƙofar ofishin Anti Jan Biro da ke bayana ta buɗe.

"Ke. Zo nan."

Mataki na bakwai: In an kama ki, tsaya a kama ki da kyau

Katunana huɗu suna jere a teburinta, fom ɗina a gefe, akwati na shida fari fat. Kwanon abincin yana cikin leda a kan kujera.

Ta ɗaga na huɗu da yatsu biyu. "Jan Biro. Wa ya raɗa min?"

"A nan na tarar da shi, Anti."

"Maganar mahaifiyata fa, a ina kika samo?"

"Ni nake jera takardun neman izini."

Sai ta turo min katin. Ta yi masa gyara, mana, ai ba za ta iya bari ba. Ta soke "huɗu da kwata" ta rubuta "huɗu da minti ashirin". A can ƙasa kuma ta ja jan layi biyu a kan "Ba zan iya ba".

Ta cire murfin biro, ta ɗora bakinsa a kan akwati na shida, ta tsaya.

"Ina jinki."

Na ji agogon bango. Na ji Rediyo a waje tana ba wa wani labarin haƙori. Na ɗago kai kamar yadda Yaya ta ce, na saki numfashin da na riƙe tun Litinin.

"A gaida Mama. Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin," ta ce, ba ta dube ni ba. "Za ta ji." Ta yi rubutu, ta sa hannu, ta juyo min da fom ɗin. An rubuta: "Da sauran aiki, amma ta fara. A riƙe ta."

Na kai hannu zan kwashe katunana, ta dafe su.

"Waɗannan nawa ne yanzu. Gwiwar hagu ce ko ta dama?"

"Hagu."

"Ki yi min na sauran mutum goma sha ɗayan da ke sashen nan. Kalma uku-uku. Kuma in na ji maganar nan a bakin Rediyo, fom yana da baya."

Ta ɗauki kwanonta ta fita. Ina biye da ita na ji ta tsaya wajen mota, ta gyara murya kamar mai shirin karanta hukunci, ta ce, "Ya gwiwa?" Makulli ya suɓuce daga hannun Direba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. Na yi alkawarin za ki isa ƙofar fita, ban ce ƙarfe nawa ba: taku sittin da huɗun nan yanzu minti arba'in suke ci na. Ba ruwana in aka ba ki tantabara kyauta kika rasa inda za ki ajiye ta, tawa tana saman kabad ɗin Yaya kuma ni da Yaya ba ma magana. Ba ruwana in littafin da kika fara tun wancan watan har yau yana shafi na tamanin. Duk wadda ta bi matakan nan ta wayi gari da mutane, ita ta jiyo.

Sannan in akwai mai ƙawa da ta rabu da malamin makaranta dogo marar son magana, don Allah ta neme ni kafin Asabar. Kawun Rediyo ya ce zai zo da kansa.