Yadda Za Ka Ɗora wa Kwamfuta Laifin Muryar Surukinka

Kai mai situdiyo, matso kusa. Idan Allah Ya jarrabce ka da dattijo mai son yin waƙa, alhali muryarsa ko kiran awaki ba za ta yi ba, kuma 'yarsa kake nema, to ka zo gidan magani. Na ba ka tabbaci: bi matakan nan, ba za ka taɓa faɗin gaskiya ba, ba kuma wanda zai kama ka da ƙarya. An gwada dabarar a kan Sharfaddeen, mai ɗan situdiyon nan na bayan masu canji a Titin Koudoukou, kuma ta yi aiki har ta wuce gona da iri.

Ga yadda abin yake. Alhaji Ɗanbala mai sarin shinkafa da mai da sabulu zai buɗe sabon kanti a unguwar Yakité, ya rantse shi zai rera waƙar tallar da bakinsa. 'Yarsa Samira, wadda Sharfaddeen ke shirin tura magabata neman aurenta, ta tare shi a bakin titi ta ce, "Sharfu, wallahi in waƙar nan ta fita, kada ka ƙara kirana. Ni za a riƙa nunawa a kasuwa. In kuma ka ɓata wa Baba rai, kai ka sani." Gaba kura ke nan, baya siyaki.

Mataki na 1: Ɗaure fuskarka kafin ya buɗe baki

Haɗarin duk yana cikin baitin farko. Da Alhaji ya kafa abin sauraro a kunne ya ja numfashi ya saki "Shinkafaaa ta iso Yakitéee," sai da mai shayin ƙofar situdiyo ya leƙo ya ga ko lafiya. Sharfaddeen ya ji dariya da kuka sun taso masa tare, ya danne su duka, ya ƙura wa allon kwamfuta ido kamar mai duba sakamakon asibiti.

Kai ma haka za ka yi. Kada ka dubi mawaƙin. Dubi allo, ka girgiza kai a hankali.

Mataki na 2: Nemo mai laifin da ba shi da dangi

Dattijo zai tambaya, "Yaya ka ji, yaro?" Kada ka ce da daɗi, sai ya ce a sake ta yau. Kada ka ce ba daɗi, kai ma ka san sauran. Sharfaddeen ya rusuna ya ce, "Baba, muryarku ta fi ƙarfin manhajar nan. Ku dubi yadda ma'aunin ya yi ja."

Ma'aunin kuwa ya yi ja, don Alhaji ihu yake yi. Amma ya shafa gemu ya ce, "Dama na faɗa. Tun ina yaro in na yi kira daga kasuwa ana ji har unguwar Miskine."

Masu hikima sun ce, in za ka zargi wani, zargi wanda ba ya zuwa ɗaurin aure. Manhaja ba ta da kawu a unguwa.

Mataki na 3: Yi ta jinyar lafiyayye

Yanzu sai ka nuna kana wahala. Kashe kwamfuta, kunna ta. Cire waya, hura mata iska, mayar da ita. Buɗe saituna, rage wata lamba har sautin ya fara ƙaraf-ƙaraf, sannan ka ƙara ta har muryar ta riƙa makara a kunnen mai ita, ya ce "shinkafa" ya ji ta dawo masa yana cikin "sabulu." Ka yi tsaki mai tsawo ka ce, "Ça plante." Wato ta maƙale. Faransanci yana da amfani a nan, don cuta in an faɗe ta da Faransanci ta fi tsanani.

In ya gaji da wannan, ce masa sai an yi mise à jour, wato an sabunta manhajar, kuma intanet yeke yeke yake tafiya, wato a hankali a hankali. In an ɗauke wuta, yi hamdala a zuci, ka yi salati a fili. Sharfaddeen ya kai matsayin da in ya ji fanka ta tsaya sai ya ji sanyi a ransa.

Mataki na 4: Kai ƙara gaban kamfani

Dattijon ɗan kasuwa ba ya yarda kaya sun lalace sai ya ga an koma wa mai su. Saboda haka buɗe shafin jin ra'ayin masu amfani da manhajar, a gabansa, ka ba su tauraro ɗaya tak. Alhaji ya ja kujera ya ce shi zai yi shifta.

"Rubuta musu, ni Ɗanbala ban taɓa sayar da buhun da ya jiƙe ba. Su ji tsoron Allah. Sun sayar wa yaro akwatin da ke shaƙe muryar mutane."

Sharfaddeen ya rubuta. Kaico, kamfanin nan na masu ladabi ne! Suka amsa cewa sun yi baƙin ciki ƙwarai, ya turo musu muryar su bincika. Kada ka tura. Ko sun yi magiya kada ka tura. Ce wa dattijo, "Baba, sun amsa laifinsu, sun ce suna kan bincike," domin kamfani in ya ce yana kan bincike ba ya saukowa.

Mataki na 5: Guji shawarar 'yan'uwanka masu sana'a

A nan Sharfaddeen ya yi wauta, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Tausayin Alhaji ya kama shi, ya ce ko dai akwai dabarar da za ta sa a ji muryar ba a gudu ba. Ya yanki ɗan guntun muryar ya jefa a dandalin masu haɗa kiɗa na waya, bai faɗi sunan mai ita ba, ya nemi taimako.

Wani ya ce ya ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa. Wani ya ce ya sauya makirfo. Wani bawan Allah kuma ya rubuta da zuciya ɗaya, "Ɗan'uwa, ka fitar da ragon daga ɗakin tukuna, sannan ka sake ɗauka." Alhaji na zaune kusa da shi yana tambaya me suka ce. Sharfaddeen ya kife wayar ya ce, "Sun ce su ma tana yi musu haka, Baba."

Mataki na 6: In ta kusa gyaruwa, ɓata ta

Rana mafi muni ita ce ranar da abu zai yi aiki. Sabuntawar ta sauka da gaske, ta zo da sabon abin daidaita murya, Sharfaddeen ya danna shi bisa kuskure. Tabɗijam! Sai ga muryar Alhaji ta miƙe ta bi kiɗa, ba daɗi can ba, amma ta isa a sa ta a lasifika. Idon dattijo ya kawo ruwa. Ya ce, "Nzoni mingi, ta yi kyau ƙwarai! Ka ji ni ko? Ka ji ni, Sharfu?"

Sharfaddeen ya ji shi, ya kuma tuna fuskar Samira. Ya miƙa babban yatsan ƙafarsa ƙarƙashin tebur ya zare wayar wuta. Allo ya yi baƙi. Ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Ban adana ba, Baba, duk ta tafi."

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya sa hularsa, ya fita ko sallama babu.

Mataki na 7: Karɓi sakamakonka

In ka bi matakan nan da kyau, dattijo zai yarda ɗari bisa ɗari cewa muryarsa lafiya lau take. Abin da ban gaya maka ba shi ne, zai fara tunanin wane ne ba lafiya ba.

Alhaji ya hau moto, wato babur ɗin haya, ya tafi Miskine wurin Muktar, wani mai situdiyo da ba ya neman 'yar kowa. Muktar ya ɗauki waƙar kafin la'asar, ko gyara bai yi ba. Yanzu haka tana tashi a ƙofar sabon kanti daga safe zuwa magariba, 'yan moto na wucewa suna amsa "Yakitéee," mata na zuwa kallo suna fita da sabulu. Samira ta daina bi ta kasuwa, ta daina ɗaga wayar Sharfaddeen.

Duk da haka ya tura kawunnansa da goro. Alhaji ya tarbe su hannu biyu, ya sa aka kawo musu shayi, ya saurare su har suka gama. Sannan ya ce, "Yaron kirki ne, ga ladabi, ban taɓa jin ya faɗi abin da ya ɓata min rai ba. Amma na zauna na gan shi da idona yana kokawa da akwati guda ya kasa. Wanda sana'arsa ta gagare shi, da me zai riƙe min 'ya? Ku koma da goronku."

Gargaɗi

Mai wannan bayani alƙawarin ɓoye gaskiya ya yi maka, kuma ya cika. Bai yi maka alƙawarin mata ba. Duk wanda ya bi matakan nan aka dawo masa da goro, ya cinye abinsa shi kaɗai, kada ya biyo ni da ƙorafi.